Akwatin da Mace Ba Ta Zama a Kai

Kwana bakwai ake ba mutum a waccan rumfar kwano ta bayan Kawlun, ya ɗauki fim ɗinsa ya kwashe komatsansa. Ran na bakwai da ƙarfe huɗu na yamma kafintocin wani kamfani za su shigo da gudumominsu su rushe duk abin da ka gina, ko ka gama ko ba ka gama ba, kuma ba wanda zai ce maka sannu. Haka ake aikin fim a Hong Kong a shekarar 1957, ba kuwa wanda ya san haka kamar Pun Sau-ha.

Ta ƙofar baya ta shigo sana'ar, da allura a hannu. Bayan yaƙi ta sauko daga Kanton tare da wata ƙungiyar 'yan wasan daɓe, tana ɗinka musu riguna. Da ƙungiyar ta watse sai ta samu aikin riƙe littafi a wurin ɗaukar fim, wato ita ce mai rubuta wace riga jaruma ta sa, a wane hannu ta riƙe kofi, da ƙarfe nawa aka ɗauki wane yanki. Daga nan ta auri Chau, mai wani ɗan ƙaramin kamfani, mutumin kirki wanda bai haɗa tsuntsunsa na keji da komai ba. Fim talatin da huɗu suka fita da sunan Chau a matsayin furodusa. In ka tara sa'o'in da ya yi a cikin rumfa a duk talatin da huɗun nan, ba za su cika yini biyu ba. Tun safe yana gidan shayi, ya rataye keji a taga. Sau-ha kuwa ita ce neman labari, ita ce lallashin jarumai, ita ce rigima da masu gidajen silima, ita ce sanin wa ya ci abinci wa bai ci ba. Kowa ya san haka, kowa kuma ya ga daidai ne.

Da Chau ya rasu, masu son ta da alheri suka yi ta zarya da shawara. Ta nemo wani ƙanensa, ko wani namiji dai a dangi, a riƙa sa sunansa, ita ta ci gaba da aikinta kamar da. Ta saurare su duka, ta ba su shayi, ta raka su bakin ƙofa. Sannan ta tafi wurin mai zanen fasta ta ce ya rubuta Pun Sau-ha, ya kuma rubuta shi da girma yadda mai wucewa a mota zai karanta. Wannan ne fim na farko da zai fita da sunanta, tana da shekara arba'in da shida. In bai kammalu cikin kwana bakwan nan ba, ba mai sake ba ta rumfa a garin, kuma masu shawarar nan za su dawo su sha shayinta suna gyaɗa kai.

Ranar farko aka yi abin da aka saba. Aka shimfiɗa jan ƙyalle kan tebur, aka ajiye gasasshen alade da lemo, aka kunna turaren tsinke gaban wani gunki mai jar fuska da 'yan fim ke roƙon sa'a a wurinsa. Yanka aladen hakkin furodusa ne, don haka Sau-ha ta miƙa hannu ta ɗauki wuƙa. Maza suka kalli juna. Naman ya yi daɗi, suka ci, amma sun ajiye abin a ransu.

Safiyar rana ta huɗu aka kawo abin da aka ɗauka jiya daga wurin wankin fim, aka shiga ɗan ɗakin gwaji aka haska a bango. Fim ɗin labarin wata mai sayar da kifi ne da ta ƙi barin rumfarta a kasuwa, yankin jiya kuwa shi ne inda take kuka. Sai fuskar jaruma ta fito dishi-dishi, kamar ana hango ta ta cikin tururin tukunya. Kwandon kifin da ke bayanta kuwa ya fito tar, har kana iya ƙirga idanun kifin. Aka ci gaba da haskawa, yanki bayan yanki, duk haka.

Darakta Lam ya cire tabarau ya goge ya mayar. Mutum ne da in ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya duba fuskar mutane kafin ya kore shi, saboda haka ba wanda ya jira magana daga gare shi.

Dogo Keung, shugaban masu fitilu, shi ya fara. "Ai na sani. Tun jiya na san za a yi haka. Da idona na ga Gwaggo Luk mai riguna zaune kan akwatin gilasai, ta miƙe ƙafa kamar a tsakar gidansu."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. A al'adar 'yan fim na can mace ba ta zama kan akwatin da ake ajiye gilasan kyamara. Namiji ya zauna a kai, ya taka shi ya gyara fitila, ya ci shinkafarsa a kai har ya zubar da miya, duk ba komai. Mace kuwa in ta zauna, wai hoto ya lalace ke nan. Ka tambayi dalili a ce maka haka aka tarar, kuma mai faɗa maka zai faɗa ne da fuskar wanda ya gama karatun duniya.

Sau-ha ta ce, "Da ƙarfe nawa ta zauna?"

"Bayan cin abinci."

"Wannan yankin da safe muka ɗauke shi, goma saura. Kifin ma bai fara wari ba."

Dogo Keung ya buɗe hannu. "Yaya Ha, ita rashin sa'a agogo take ɗaurawa?"

Aka yi dariya. Sau-ha ba ta yi ba. Ta juya ga mai ɗaukar hoto, wani dattijo siriri mai furfura da ke zaune can gefe, hannuwa kan gwiwa. Ngai sunansa, amma ba mai kiransa haka tsirara, Sifu ake ce masa, wato gwanin da ya koyar da wasu. Rabin masu riƙe kyamara a garin ta hannunsa suka bi. An san shi da abu guda, ba ya auna tazara da tef kamar sauran mutane. Ya kalli jaruma sau ɗaya, ya murza zoben gilashi, shi ke nan. Yakan ce awo aikin 'yan koyo ne.

"Sifu, kai me ka ce?"

Sifu Ngai bai ɗago ba. "Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki. Hotona bai taɓa yin haka ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ba ƙarya a ciki. Amma kowa ya ɗauke shi a matsayin hukunci, shi ma ya san haka za a ɗauka. Nan take Dogo Keung ya lissafo sharuɗɗan maza. A sallami Gwaggo Luk. A sayo sabon alade a sake roƙon gunki. Wannan karon kuma namiji ya riƙe wuƙa, ko da Darakta Lam ne. In ba haka ba, ba fitilar da za ta kama yau.

Sau-ha ta fita ta bar su. Ta tarar da Gwaggo Luk a lungun kayan sawa, har ta fara ɗaure ƙunshinta. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta haura sittin, ita ce mai kula da rigunan jarumai. Ita ta koya wa Sau-ha riƙe allura tun a Kanton, tare suka sauko, tare suka kwana a tashoshi. Ba miji, ba ɗa, sai wani gado da take haya a bene na uku a wata unguwa, da wannan aikin.

"Ina za ki, Gwaggo?"

"Laifina ne, Ha. Gwiwar nan ce ta ci amanata. Tun asuba nake tsaye, na duba ban ga kujera ba, na ce bari in ɗan ɗosana kafin wani ya gani. Ga shi na ɓata miki fim."

"Ke ma kin yarda da wannan shirmen?"

"Shirme ko ba shirme ba, hoto dai ya lalace, ko ba ki gani ba? Ki bar ni in tafi. Ki saya musu aladensu. Sunanki fa yana kan fasta."

Wannan ya fi maganar Dogo Keung ƙona wa Sau-ha rai. Maza su faɗa, an saba. Amma a ce matar da ta yi shekara arba'in tana tsaye a bayan mutane da allura a baki ta yarda cewa zamanta na minti biyar zai iya kashe aikin mutum talatin, wannan ya sa ta ji kamar ta fasa wani abu. Ta fizge ƙunshin ta jefa kan tulin riguna.

"Ba inda za ki."

Ita ta san abin da ya lalata hoton, ta kuma san shi tun kafin yau. Mai riƙe littafi ba ya daina lura. Ranar yanka alade ta ga Sifu Ngai ya kai hannu zai ɗauki kofin shayi ya kama iska. Rana ta biyu ta ga ya gaishe da wani kafinta daga nesa da sunan Darakta Lam. Ta ga yadda yake kai jarida har bakin hancinsa. Yanar ido ce ta fara kama shi, na kusa yana gani, na nesa kuwa sai lalube. Da sabo kawai yake kintatar tazara, jiya kuma kintacen ya kuskure. Kalma ɗaya za ta faɗa a cikin ɗakin nan Gwaggo Luk ta wanku. Amma wannan kalmar za ta isa kowane gidan shayi kafin azahar, kuma ba mai sake ɗaukar makahon mai hoto. Shi ne kuwa mutum na farko da ya taɓa ce mata, lokacin tana 'yar riƙe littafi, zo ki leƙa ki ga yadda duniya take ta cikin kyamara. Ban da haka ma, ina za ta samo wani mai ɗaukar hoto yau, ana saura kwana uku da rabi?

Haushinsa take ji, haushi mai tsanani, don ya zauna ya bar tsohuwa ta ɗauki kayansa. Tausayinsa ma take ji. Ta tsaya a lungun nan har jirgin sama ya wuce ta kan rumfa ya girgiza kwano, sannan ta ɗauki tef ɗin awo na teloli daga cikin kayan Gwaggo Luk ta rataya a wuya.

Maza na zazzaune a tsakar rumfa, wasu kan buhuna, wasu kan tsani, suna shan taba. Akwatin gilasai na nan kusa da ƙafar kyamara, baƙi, mai kusurwoyin tagulla. Sau-ha ta ratsa ta tsakiyarsu ba gaggawa, ta tsaya gaban akwatin, ta kakkaɓe murfinsa da hannu, ta gyara rigarta, ta zauna. Ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Wani ya shaƙe da hayaƙin taba. Darakta Lam ya ja da baya kamar akwatin zai fashe.

"Yaya Ha, tashi," in ji Dogo Keung. Muryarsa ta sauka. "Wannan ba abin wasa ba ne."

"Wa ya ce maka wasa nake? Keung, na san ka, ba ranar sukuwar dawaki da take wuce ka. To ga caca. Yau duk abin da za a ɗauka, ina zaune a nan za a ɗauke shi. Gobe da safe mu shiga mu gani. In ya lalace, zan sallami Gwaggo, in sayo alade mafi girma a Kawlun, in miƙa maka wuƙa da hannu biyu, sannan in fita tsakar gida in zauna har ku gama. In kuma ya fito, kada in sake jin maganar akwati."

"In ya lalace ai kwana biyu kika rasa. Ba za ki gama ba."

"Wannan damuwata ce. Ko tsoro kake ji?"

Ba a tambayar mutumin Hong Kong haka a gaban yaransa. Dogo Keung ya take guntun tabarsa ya miƙe, ya ce a kunna fitilu. Sun tabbata za ta faɗi, shi ya sa suka yi aiki da karsashi.

Sifu Ngai ya zo ya tsaya bayan kyamara. Bai kalle ta ba, ita ma ba ta kalle shi ba. Aka sake shirya yankin kuka, jaruma ta tsaya bayan kwandon kifi. Sai Sau-ha ta miƙe ta ce a dakata. Ta zare tef daga wuya, ta kafa bakinsa a jikin kyamara, ta ja har ya ƙare, ta dafe wurin da yatsa ta sake ja, kamar mai auna yadin labule, har ta kai hancin jaruma. Ta dawo ta zauna kan akwati ta buɗe littafi.

"Ƙafa tara da inci huɗu," ta faɗa da ƙarfi, tana rubutawa.

"Yau kuma ɗinki za a yi wa iska?" in ji wani daga saman tsani.

"Littafina ne. In hoto ya lalace ina so in san inda kowa ya tsaya. Ko shi ma haramun ne ga mace?"

Aka yi dariya aka koma aiki. Ita kuwa ta wutsiyar ido take kallon hannun Sifu Ngai. Lambobin tazara a rubuce suke jikin zoben gilashi, kusa da fuskarsa, inda yake iya gani. In ya yi kunnen ƙashi ya bar zoben yadda yake, hoto zai lalace, al'ada ta tabbata, asirinsa ya rufu, ita kuma ta rasa komai. In ya bi lambarta, hoto zai fito, mutane kuma su fara tambayar me ya faru jiya. Duk fim ɗinta yana tsakanin yatsunsa biyu, kuma ba ta da abin da za ta iya yi sai jira.

Dattijon ya daɗe idonsa manne da kyamara. Sannan ya sunkuya kamar mai hure ƙura, ya kai fuskarsa dab da zoben, yatsunsa suka murza shi kaɗan. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana fitar da hoto tsaf, hannunsa ba zai yarda ya ɓata shi da gangan ba, ko da bakinsa ya yarda.

Haka aka yini. Ta auna, ta dawo, ta zauna, ta faɗi lamba. Ƙafa shida. Ƙafa goma sha huɗu da rabi. Zafi ya sauko daga kwano, kifi ya yi wari na gaske, jiragen sama suka ɓata magana sau biyar aka sake. A kan akwatin ta ci shinkafarta da tsinkayen cin abinci, tana kallon maza ɗaya bayan ɗaya har su kau da kai. Tsakaninta da Sifu Ngai ba kalma ko ɗaya.

Da safe aka haska. Fuskar jaruma ta fito har kana ganin hawaye yana taruwa kafin ya gangaro. Da aka buɗe taga Sau-ha ta juya ta kalli Dogo Keung.

Ya sosa ƙeya, ya yi murmushi irin na wanda ya samo mafita. "To, Yaya Ha, kin ci. Amma gaskiya a faɗe ta, ke ai ba mace ba ce. Ke kin fi ƙarfin maza goma. Gunki ma ya san haka. Akwati ba zai lissafa ki cikin mata ba."

Sauran suka amsa, haka ne, haka ne, suna ganin sun yabe ta. Wani har ya tafa.

"'Ya'ya uku na haifa, Keung," in ji ta. "Uwarka ta riƙe ni a na biyu. Je ka tambaye ta."

Aka sake yin dariya, a nan kuma maganar ta tsaya. Ta ci caca, amma abin da ta ci bai wuce faɗin mazauninta ba. An bar ta ta zauna don an cire ta daga cikin mata, Gwaggo Luk kuwa laifinta na nan daram. Ba wanda ya sake cewa a sallame ta, amma in ta shigo sai maza su matsa, wani ya tofar da yawu gefe. Tsohuwar da kanta ta daina shigowa. Ta koma tsakar gida, gefen ƙofa, tana miƙo riguna ta hannun wani tana karɓar masu datti, a tsaye, cikin rana. Sau-ha ta gani. Ta haɗiye, don agogo na gudu.

Ran na bakwai da ƙarfe uku da kwata, saura yanki guda, na ƙarshe, inda mai kifi take tsaye ita kaɗai a kasuwar da aka kwashe. Kafintocin ɗaya kamfanin har sun iso, sun jingina katakansu a bakin ƙofa suna duba agogo. Jaruma ta ɗaga hannu za ta gyara gashi, sai hannun rigarta ya ɓarke daga kafaɗa. Riga ce da aka yi kwana shida ana ɗauka da ita, ba ta da ta biyu.

"A kira Gwaggo Luk," in ji Sau-ha.

Tsohuwar ta shigo tana bin bango. Ta yi ɗinkin a jikin jaruma, allura na shiga na fita, cikin minti shida ba ka ce an taɓa ba. Ta cije zare ta juya za ta fita. Taku uku ta yi gwiwar ta lanƙwashe, ta kama ƙafar wata fitila, fitilar ta yi rawa. Ba wanda ya matsa.

Sau-ha ta tashi daga kan akwati. Ta san ƙarfe nawa, ta san yanki ɗaya ya rage, ta san abin da mai hankali zai yi. Ta je ta riƙo Gwaggo Luk ta hammata.

"Ha, kai ni waje," tsohuwar ta raɗa. "Kada ki yi. Saura kaɗan ki gama."

"Yi shiru, Gwaggo. Kin tsaya ya isa."

Ta kawo ta gaban akwatin ta zaunar da ita, ta dafa kafaɗarta don kada ta miƙe. Sannan ta tsaya a bayanta.

Dogo Keung ya kai hannu ya kashe babbar fitila. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka mutu, rumfa ta koma hasken ƙofa kawai. "Yaya Ha, ba haka muka yi da ke ba."

"Haka muka yi. Na ce kada in sake jin maganar akwati."

"A kanki muka yi caca, ba a kanta ba. Ta tashi mu gama miki fim ɗinki. Minti arba'in ya rage."

"Talatin da biyar. Ba za ta tashi ba."

Kafintoci suka leƙo suna jin daɗin kallo. Tsoro Sau-ha take ji ƙwarai. Shekara goma sha ɗaya na aiki da sunan wani, ga nata na farko yana shirin mutuwa saura yanki guda. Amma ta riga ta gane cewa in ta ɗaga hannun nan, fim zai fita da sunanta, ita kuma ba za ta iya zuwa kallonsa ba.

"A tambayi Sifu," in ji Dogo Keung. "Gilasansa ne. Shi aka ɓata wa aiki. Sifu, in ka ce mu tafi, mun tafi."

Kowa ya juya. Sau-ha ma ta juya, karo na farko cikin kwana huɗu ta kalli dattijon ido cikin ido, ko da yake ta san daga inda yake ba fuskarta yake gani ba, inuwa ce kawai. Abin da ta sani yana bakinta, ta bar shi a can.

Sifu Ngai ya saki kyamara. Ya tako a hankali har gaban akwatin ya tsaya.

"Gwaggo Luk, ɗan tashi."

Tsohuwar ta zame daga hannun Sau-ha ta miƙe da sauri, tana dafe da gwiwa. Dogo Keung ya yi ajiyar zuciya, ya fara naɗe waya, a zatonsa Sifu zai kwashe gilasansa ne su tafi. Sifu Ngai ya durƙusa ya buɗe murfi, ya shafa gilasan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya zaro mai faɗin nan da ake ɗaukar fili da shi. Ya rufe akwatin, ya goge murfin da hannun rigarsa.

"Koma ki zauna abinki. Wannan kaɗai nake so."

Ya koma ya ɗaura gilashin a kyamara. Ya gyara tsayuwa, ya yi magana da muryar da ta kai har bakin ƙofa inda kafintoci suke.

"Keung, kunna min wuta, ba akwati ba ne ya ɓata hoton nan. Yaya Ha, zo ki auna min. Ki faɗa da ƙarfi. Daga nan ba na ganin fuskar yarinyar, na fi shekara ba na gani."

Sau-ha ta zare tef daga wuya. Ta ja shi har hancin jaruma, idonta na cika, sai da ta duba lambar sau biyu. A bayanta ta ji babbar fitila ta kama.

"Ƙafa goma sha ɗaya da rabi, Sifu."